Ƙofar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke," yake cewa, in kuma ransa ya yi fari ya ce "ɗiyag ga", yana kallon wani wuri daban. Inna ma ba ta kiran sunan, amma ita bakinta ba ya shiru. Abin da Baba yake son in ji, ita yake faɗa wa, ita kuma ta faɗa wa tukunya da ƙarfi ina tsaye a wurin. Haka muka rayu, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Da aka datse gulbi a Bakolori, ruwa ya hau ya ci ƙauyenmu da fadamarmu. Aka kwashe mutane aka kai su wani tudu mai tsakuwa wajen Maradun, aka ce nan ne sabon gari. Inna ba ta daɗe a can ba Allah ya yi mata rasuwa. Ƙanena ya tafi Kurmi neman kuɗi, sai dai a ji labarinsa a bakin direbobi. Ni kuwa a lokacin ina aure a Talata Mafara, ina koyarwa a firamare, Allah bai ba ni haihuwa ba tukuna. Maigidana direban tifa ne a kamfanin da ke haƙa hanyoyin ruwa wajen Bakura, in ya fita sai ranar da na gan shi.

Wata Juma'a na je duba Baba. Na same shi tsugune a bakin murhu yana hura wuta da bakinsa, hayaƙi ya cika masa ido, ga wata 'yar tukunya da gari ya yi gudaji a ciki. Mutumin da a da ko ruwan sha sai an durƙusa an miƙa masa! Maƙwabtansa na da duk an warwatsa su, wasu sun bi 'ya'yansu, wasu suna can bakin ofis suna jiran diyyar gonaki. Na karɓe muciyar na tuƙa masa tuwon, hawaye na zuba a hannuna. Da ya gama ci, na sunkuyar da kai na ce ya taho Mafara wurinmu.

Ya daɗe yana suɗe hannu, sannan ya ce da bango, "Ba ni zama gidan suruki."

Na san zai faɗi haka. A wurinmu dattijo ba ya kwana a gidan mijin 'yarsa. Ko zuwa ya yi, iyakarsa ƙofar gida, a fito a gaisa ya juya. Ya shiga ya fita ta zauren suruki, ya ci tuwon suruki, suruki ya ji tarinsa, wannan abin kunya ne da za a yi ta faɗi har bayan ransa. Na yi magiya, na kawo tsufa, na kawo ciwon ƙafarsa, duk a banza. Na dawo Mafara a bayan a-kori-kura, ina ta faɗa da shi a cikin raina.

Maigidana ne ya samo dabara, Allah ya saka masa. Gidanmu yana sabuwar unguwa, a kan kwana, kuma akwai fili a kusurwar da ke bin hanya inda nake shanya. Ya ce a gina ɗaki a nan, a fitar masa da ƙofarsa ta kan hanya, ya zama Baba bai bi ta zaurenmu ba ko sau ɗaya. Na koma na faɗa wa Baba. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, sai ya tambayi bango ko ƙofar gabas za ta duba. Na ce gabas. Na san na samu.

A ƙauyenmu in za a yi ɗaki gayya ake kira. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata su jawo ruwa, a dama fura, kafin ka ankara gini ya kai kafaɗa. A Mafara ta wancan lokacin kuwa kowa ya tafi aikin kamfani, mai ɗaukar tubali ma sai ka roƙe shi. Na samu wani tsohon magini da lebura ɗaya, na sayar da kwallayen aurena na saya azara da kwano. A asirce na ce da maginin ya bar mini wata 'yar ƙofa ta ciki, wadda za ta buɗe tsakar gidana. Tunanina shi ne Baba ya samu ƙofarsa ta mutunci a waje, ni kuma in samu tawa ta kai tuwo da leƙawa.

Gini ya kai taga sai ga malamin haraji na ƙaramar hukuma, wadda tsofaffi har lokacin suke kira En'e. Wani dogo ne siriri, mai keke da jakar fata a rataye, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba don kada sarƙa ta ci. Na dawo daga makaranta na tarar magini ya sauko daga kan bango yana wanke hannu. Na ce lafiya? Ya nuna mini mutumin da haɓa.

Bayan mun gaisa malamin ya yi mini bayani a natse. Tun da aikin madatsa ya kankama garin ya cika da baƙi, mutane suna ta fasa bangon gidajensu suna fitar da shaguna suna ba ma'aikata haya. Shi ya sa hukuma ta ce duk ɗakin da ƙofarsa ta kalli hanya, gida ne mai zaman kansa. Sai an biya kuɗin safiyo ya zo ya auna, an biya na duba-gari, an biya na lamba, sannan kowace shekara a biya kuɗin gida. In ƙofar ta cikin gida ce kuwa, ko ɗaki nawa ka gina babu ruwan kowa.

Na ce, "Haba Malam, haya kuma? Ubana ne zai zauna. Ruwanku ya cinye mashi gida."

Ya ce, "Allah Sarki. Allah shi ba da haƙuri. Amma Malama, ƙofa aka ce mu duba, ba a ce mu duba mai ɗaki ba."

Kai, ranar na yi masa tas. Na ce an raba tsoho da gonarsa ba a tambaye shi ba, yanzu kuma inda zai sa haƙarƙarinsa sai an saya masa izini? Na ce ina hukumar take ranar da yake hura wuta da bakinsa? Ya tsaya riƙe da kekensa yana sauraro har na gaji. Na sani ba shi ya kafa dokar ba, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Da zai tafi ya ce in na ga dama a mayar da ƙofar ciki, shi ke nan an huta. Na ce ai ƙofar ita ce ɗakin.

Daga nan na shiga zaryar ofis. Maigidana yana can wajen Bakura, ba ni da wa, ba ni da ƙane a kusa, saboda haka in an tashi daga makaranta sai in yafa mayafi in tafi ni kaɗai. Benci ne dogo a baranda, maza zalla, 'yan kasuwa da masu neman fili. In na zauna a ƙarshensa sai na kusa da ni ya matsa, a bar mini wuri kamar mai ƙyanda. Ba wanda ya wulaƙanta ni, gaskiya, sai dai yau a ce safiyo ya fita awo, gobe a ce mai sa hannu ya tafi Sakkwato. Hadari kuwa ya fara haɗowa ta gabas, ga bangon ƙasa tsaye ba rufi. Kullum in na dawo sai in tsaya in dubi sama, in dubi bangon, in shiga gida ba wanda zan ce wa ka ga abin da ake ciki.

Na biya na safiyo, ya zo ya ja igiyarsa ya tafi. Na biya na duba-gari, shi ma ya zo, da farar hularsa da sandarsa. Ya zagaya, ya ce gida mai zaman kansa dole ya samu makewayinsa, wannan na yarda, aka yanki wani lungu aka kewaye. Sai ya tsaya a bakin 'yar ƙofata ta ciki ya ƙwanƙwasa gefenta da sanda. Ya ce wannan fa? Na ce ta kai abinci ce. Ya ce ba a gida biyu da ƙofa a tsakani, ko dai ɗakin cikin gida ne a toshe ta waje, ko gida ne daban a toshe ta ciki, in zaɓa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Magini ya ja ni gefe ya ce kada in tayar da hankalina, kowa haka yake yi. A jera tubali a toshe, a yi yaɓe sama-sama, in an buga lamba an tafi a sa ƙafa a ture. Na ce to. Aka toshe, aka yi rufi, ruwan farko ya sauka a kan kwano ba a kan bango ba, na yi hamdala.

Baba ya iso ranar wata Talata, a motar 'yan kasuwa. Kayansa ba yawa: buzunsa, butarsa, fartanya biyu da ba shi da gonar da zai kai su, da ƙyauren ɗakinsa na tsohon ƙauye. Wannan ƙyaure shi ya ciro da hannunsa kafin ruwa ya iso, ya ɗauko shi a ka. Na riga na sa kafinta ya yi sabo, amma ko kallonsa Baba bai yi ba. Dole magini ya ƙara ƙasa a bakin ƙofar don tsohon ya zauna daidai, saboda gajere ne.

Ya shiga ya duba rufi, ya duba makewayi, ya shafa bango. Hannunsa ya kai inda aka toshe, don yaɓen wurin bai gama bushewa ba, ya fi sauran duhu. Na yi maza na ce wannan na ɗan lokaci ne, da an buga lamba za a buɗe.

Ya ce, "Ina ta fita?"

Na ce, "Tsakar gida, Baba."

Ya ce, "Tsakar gidan wa?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "A bar ta hakanan." Ya juya ya shimfiɗa buzunsa.

Wallahi da a ce duba-gari ne ya faɗi haka da na san abin da zan ce masa. Amma Baba ne. Na fito na zagaya ta kan hanya na shiga gidana, na zauna a gindin bangon ta ɗaya gefen, na yi kuka mai isata. Na sayar da kwallayena, na sha zaman benci, ashe bango na saya tsakanina da ubana.

Haka zaman ya kasance. In na gama tuwo sai in yafa mayafi, in fita ta zaure, in bi hanya in sha kwana, in tsaya a ƙofarsa in yi sallama kamar baƙuwa. Ya amsa, in ajiye kwano, in gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙyaure. Tuwon ma bai yarda ya ci a banza ba. Ya samo rama yana tufka igiya, ranar kasuwa ya ba wani ya sayar masa, ya auno gero ya ajiye mini a bakin ƙofarsa in ɗauka. In maigidana ya dawo, shi ma zagayawa yake ya tsuguna daga nesa, su gaisa kowa na kallon ƙasa, ya taso.

Na sa an yi masa dakali a bakin ƙofar, don a ƙauye Baba mutum ne na bakin hanya. Duk wanda zai gangara fadama sai ya tsaya wurinsa, a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi iyali da dabbobi da ruwan bana, wani ma har ya manta inda za shi. A nan kuwa hanyar ta tifofi ce da leburori masu sauri, mutanen garuruwa daban-daban, wasu ko Hausa ba su ji. Ina leƙe ta zaure na ga wani ya ɗaga masa hannu ya ce sannu Baba. Baba ya gyara zama ya fara, "Lahiya lau, muna lahiya, ina gajiya, ina mutanen…" Kafin ya kai iyali mutumin ya sha kwana. Ya ƙarasa gaisuwar shi kaɗai a hankali, ya koma kan igiyarsa.

A masallacin unguwa ma ba a san shi ba. Baban Malama suke ce masa, wasu su ce tsohon nan na gidan direba. Na ji wannan da kunnena, na kuma san shi ma ya ji. Ni a nawa gefen, gida shiru, ba yaro ba miji. Da asuba nakan ji ƙarar butarsa ta bayan bango, in ji ya yi gyaran murya, in san ya tashi lafiya. Wani lokaci ina tankaɗe sai in kawo turmi in zauna daidai inda aka toshe, in yi ta magana da rariya da ƙarfi yadda Inna take yi da tukunya, in ce yau gero ya yi tsada, in ce an ce ƙanena ya aiko gaisuwa. Ban sani ba ko yana ji, bai taɓa nunawa ba.

Bayan kaka sai ga malamin haraji ya dawo, da gwangwanin fenti a bayan kekensa. Ina tsakar gida na ji ƙararrawar keken, na ce yawwa, yau zan ƙarasa masa abin da na rage. Na ɗaure kuɗin shekarar a bakin mayafi na nufi zaure. Amma bai tsaya a ƙofarmu ba. Ya wuce ya jingine keke a jikin dakalin Baba, ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya daga gefen ƙofa yadda ake yi, ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum. Maigida shina ciki?"

Na tsaya cak a cikin zaure. Sai na ji muryar Baba, irin wadda rabona da ji tun muna ƙauye, cikakkiya, ba gaggawa: "Wa alaikumus salamu. Shina ciki. Marhabin, marhabin."

Ya fito da tabarma da kansa ya shimfiɗa. Malamin ya cire takalmi ya zauna, suka shiga gaisuwa. Mutumin nan bai katse shi ba ko sau ɗaya. Aka tambayi kwana, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka koma aka sake, Baba ya kai gaisuwarsa har ƙarshe. Ashe malamin mutumin wajen Dakko ne, ɗan manoma, ya san fadama. Baba ya fasa goro ya ba shi. Na ji yana ba shi labarin gonarsa ta bakin gulbi, inda yake dasa albasa da rani, da wata tsamiya da ke kan iyaka wadda yanzu sai dai kifi ya zagaya ta. Ni da nake 'yarsa ban taɓa jin labarin tsamiyar nan daga bakinsa ba.

Can malamin ya ce, cikin ladabi, ya zo ne a kan kuɗin gida na shekara, da kuma buga lamba. Na yunƙura zan fita, sai na ji Baba ya ce madalla, ai hakki ne. Ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin igiyarsa a ƙulle cikin tsumma, ya biya. Malamin ya tambayi sunansa da na mahaifinsa, Baba ya faɗa dalla-dalla, har da sunan ƙauyen da ba ya nan. Sannan aka buɗe fenti aka rubuta lamba a bango, gefen tsohon ƙyauren. Baba ya tsaya a baya yana kallo, hannuwa a goye, yana cewa a ɗan ɗaga ta sama don masu wucewa su gani.

Da la'asar na kai masa fura, na kwance bakin mayafina na ajiye kuɗin kusa da buzunsa. Na ce ga abin da ya biya, ai ni ya kamata in biya. Ranar ce kaɗai a rayuwata Baba ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, "Ke, wa anka yi ma sallama?"

Na ce, "Kai, Baba."

Ya ce, "To ɗauke abinki."

Na ɗauke. Na fito ina jin haushi da daɗi a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba. Kuɗin nan da na yi ta tsine wa, na ce zalunci ne, ashe shi ne abu ɗaya a garin nan da ya san Baba maigida ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ina ta lissafin tuwo da maganin ƙafa, shi abin da ya rasa daban ne.

Daga ranar Baba ya canza. Yakan share ƙofarsa da sassafe har bakin hanya, ya yayyafa ruwa. In damina ta wanke lambar, ya sa ni in nemo fenti a maimaita. Tun kafin a yi girbi yake ware kuɗin shekara ya ƙulle daban, kada malamin ya zo ya tarar bai shirya ba. Shi kuma malamin, in ya biyo ta unguwar ranar kasuwa, yakan sauka daga keke ya yi sallama ko ba karɓar komai, su ɗan taɓa hira. Ba kullum ba ne, wani lokaci sai a yi wata da watanni, amma Baba yana jin ƙararrawar keke zai ɗaga kai. Ba zan ɓoye ba, kishin mutumin nan na yi. Ya ci mini kuɗi, ya kuma samu hirar da ni ban samu ba. In mun haɗu a hanya gaisuwar da nake masa gajera ce, shi kuwa kullum sai ya ce, "Malama, ina maƙwabcinki?"

Shekarun da Baba ya yi a ɗakin ba su da yawa. Ciwon ƙafar ya hau sama, ya kwanta a tsakiyar wata damina. Da jinya ta yi nauyi na roƙe shi a buɗe ƙofar ciki don in riƙa jin motsinsa, ya girgiza kai. Haka na yi ta zagayawa cikin ruwa da taɓo, da kwano a hannu. Ya rasu da hantsi, ina zaune a bakin ƙofa daga ciki, yana kallon hanya. Aka fitar da shi ta ƙofarsa, ba ta zauren kowa ba. Mutanen da suka yi masa salla 'yan unguwa ne da abokan aikin maigidana, kusan duk don mu suka zo.

Bayan an share makoki maigidana ya ce, a hankali, ko a ture tubalin nan a buɗe ta ciki, a toshe ta waje, ɗakin ya dawo cikin gida a huta da biyan kuɗi. Ko kuma a ba wani ma'aikaci haya, tunda ana nema. Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ce a bari tukuna. Na rufe ƙyauren na sa kwaɗo, nakan dai zagaya in share ƙofar.

Da kaka ta yi, wata ranar da hantsi ina shanya a tsakar gida, maigidana yana wurin aiki, sai na ji ƙararrawar keke. Na ji an jingine shi a jikin dakali. An tura malamin wajen Bakura tun farkon damina, ba wanda ya gaya masa Baba ya rasu.

"Salamu alaikum. Maigida shina ciki?"

Zanen da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Ina tsaye daidai inda aka toshe, na dafa bangon. Ya jira, ya sake sallama, ya ƙara ɗaga murya don ya san kunnen tsohon ya yi nauyi. Na kasa amsawa ta bango. Na yafa mayafi na fita ta zaure, na bi hanya na sha kwana. Ya gan ni, ya ga kwaɗon da ke jikin ƙyaure, ya dube ni kuma. A hannunsa akwai goro ƙulle a ganye.

Na ce, "Malam, maigida ya riga mu gidan gaskiya. Tun da damina."

Ya yi salati ya tsuguna a wurin, kusa da kekensa. Ya daɗe yana addu'a, na tsuguna ni ma ina amsawa da amin. Wannan ce ta'aziyya ta farko da na ji an yi don Baba shi kansa. Da ya shafa, ya ajiye goron a kan dakali, ya goge ido da hannun riga.

Sannan ya ce, "Malama, tunda ba kowa ciki, ba sai kin biya ba. A toshe ƙofag ga, in shafe lamba, shi ke nan. Ni zan kai magana ofis, ba sai kin sake zaman benci ba."

Na dubi lambar, ruwan bana ya fara cinye ta. Na dubi gajeren ƙyauren da Baba ya ɗauko a ka. Ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa, gonar ma haka, tsamiyar ma haka. Na kwance bakin mayafina.

Na ce, "Yanka rasit, Malam."

Ya buɗe jakarsa a hankali, ya ciro biro. Ya ce, "Da sunan wa?"

Na ce, "Da sunan maigida."